Yadda Ake Tsara Akwatin Wufa Don Taron Fili

A Zariya yawancin hidima a fili ake yin ta, ko wa'azin unguwa ne, ko maulidi, ko biki, ko taron siyasa. Amma da yawa daga akwatunan wufa (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri) da ake bayarwa haya, kafinta ne ya dubi wani akwati ya buga irinsa, ba tare da an duba sifikar da za ta zauna ciki ba. Shi ya sa amfilifaya ke zafi, janareta na shan mai, na bayan taro kuwa ba ya jin bes. A ɗaki bango yana maido da sauti ya ƙara masa kauri. A fili babu wannan gata: duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Saboda haka abin da za ka nema shi ne ƙarfi tsakanin Hz 40 zuwa 100 (Hz yawan karkarwar sauti ne a daƙiƙa, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Bin Hz 25 a fili asarar katako ce da wuta.

Fara da sifikar, kafin ka sayi ko falle ɗaya na katako. Kowace wufa ta kirki tana da lambobin da ake kira na Thiele da Small, sunayen injiniyoyi biyu da suka kafa wannan lissafi, Thiele ya wallafa nasa a 1961. Huɗu ne za ka fi buƙata: Fs, inda sifikar ke karkarwa da kanta, Qts, yadda take kame motsinta, Vas, laushinta a ma'aunin lita, da Xmax, iyakar nisan da takardarta, wato faifan gabanta mai motsi, ke iya tafiya lafiya. Idan Qts bai wuce 0.4 ba, ta dace da akwati mai bututun iska, kuma shi na fi so a fili domin ya fi rufaffe ƙarfi a wuta ɗaya. Ka lura da jabu: suna a jikin kwali ba ya nufin lambobin sun yi daidai. In kana shakka, manhajar REW tana iya auna su.

Daga nan sai kwamfuta. Sauke WinISD, kyauta ce, ka shigar da lambobin, ka zaɓi akwati mai bututu. Wufa mai inci 18 yawanci tana zama a lita 150 zuwa 200, a saita bututun, wato sautin da iskar cikinsa ke karkarwa a kai, tsakanin Hz 35 da 45. Kada ka tsaya a zanen farko da manhajar ta nuna don ya yi kyau. Sa ainihin wat ɗin da amfilifayarka ke bayarwa, sannan ka buɗe zanen motsin takarda ka tabbatar bai haura Xmax ba. Za ka ga ƙasa da inda ka saita bututun, layin yana harbawa sama, domin a nan akwatin ya daina riƙe sifikar. Nan ne wufa ke yagewa. Maganinsa matatar da ke yanke sautin ƙasa, ka saita ta kaɗan ƙasa da saitin bututun, a manhajar da kuma a kirosoba, na'urar da ke raba wa sifikoki sauti, ranar aiki.

Sai zanen gudun iska a bututu. Ka yi ƙoƙari kada ya wuce kamar mita 17 zuwa 20 a daƙiƙa, in ba haka ba bututun zai riƙa huci maimakon bes. Faɗaɗa shi yana rage gudun, amma duk bututun da aka faɗaɗa sai an ƙara masa tsawo kafin ya koma saitinsa, tsawon kuma yana cin wuri. A nan ake daɗewa, a ƙara a rage har su daidaita. Mai son akwatin ƙaho, wato mai baki da ke buɗewa kamar ƙaho, sai ya koma manhajar Hornresp, amma ba da shi ake fara koyo ba.

Yanzu mayar da lita zuwa awon kafinta. Tsawo sau faɗi sau zurfi na ciki a santimita, a raba da 1000. Misali 60 da 55 da 60 lita 198 ke nan. Cire wurin da sifikar, bututun da katakan tokara za su ci. Abin da ya rage shi ne zai yi daidai da na manhaja.

Yi amfani da filawud mai kauri milimita 18. MDF, falle na matsattsen garin katako, yana kumbura da ya sha ruwa, kuma kowa ya san ruwan Agusta a Zariya. Gam a kowace gaɓa, sannan sukuru, a tokare bango da bango, a toshe duk wata kafa. Sa raga mai siririn soso a gaba saboda ƙurar hunturu, da ƙafafun roba.

Kafin fenti, gwada shi. Kunna manhajar fitar da sauti a waya, da ƙaramar murya, ka riƙa sauka daga Hz 60. Inda takardar ta kusa tsayawa cik alhali iska na fita a bututu, nan saitinka yake. In ya yi sama, ƙara tsawon bututu. In ya yi ƙasa, rage.

Ranar taro ajiye wufofin a ƙasa, a manne su wuri ɗaya. Biyu a haɗe, kowace da wutarta, suna ƙara kusan desibel 6, amma in ka raba su dama da hagu za a samu wuraren da bes ke ɓacewa. Duba wayoyi kuma, jan waya a ja, baƙa a baƙa, domin wufa ɗaya da aka juya wa wayoyi tana kashe sautin 'yar'uwarta.