Yadda Ake Wanke Kafiretar Injin Ban Ruwa Da Ya Daɗe A Ajiye

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, manoman rani na Dadin Kowa da Balanga a jihar Gombe sukan fito da injinan ban ruwansu daga ɗakin ajiya, a kakkaɓe ƙura, a zuba fetur, a ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, inji ya ƙi tashi. Wani ya tashi amma sai an bar shi a kan cok, ana buɗe cok ɗin ya mutu. Wani kuma ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Mafi yawan lokaci laifin na kafireta ne. Fetur ɗin da aka bari a ciki tun ƙarshen ranin bara ya bushe, ya bar wani danƙo ja ko kore mai warin tsohon fenti, ya toshe hanyoyin mai. Bayanin nan a kan Honda GX160 ne da 'yan China masu kama da shi irin su 168F, waɗanda su ne suka fi yawa a fadamunmu, kuma yawancin matsakaitan janareto masu amfani da baƙin mai daban irin wannan kafireta gare su.

Abin da na ga yana kayar da masu koyo shi ne su kwance kofin da ke ƙasan kafiretar, su ɗauraye da fetur, su ga yana ƙyalli, su mayar, su ce an wanke. Kofin nan ba shi ke hana inji aiki ba. Matsalar tana cikin ƙananan ramuka da ido ba ya gani sai an ɗaga su ga hasken rana, kuma fetur ba ya narkar da danƙon da ya shekara.

Ka tanadi sifana mai lamba 10, da filaya, da sukudireba mai faɗin baki, da gwangwanin feshin wanke kafireta, da ɗan tina irin na masu fenti, da guntun wayar lantarki mai silli-silli. A waje za ka yi aikin, nesa da murhu da mai shan taba, ka shimfiɗa farin buhu don kada ƙaramin abu ya faɗa cikin yashi ya ɓata. Rufe famfon mai, cire hular filogi. Sauke matatar iska, ka kwance noti biyun da ke riƙe da kafiretar, ka zare tiyon mai. Kafin ka taɓa sandar gwamna, wato siririn ƙarfen da ke jan totur, da siririn sifirin ɗin da ke tare da ita, ɗauki hotonsu da wayarka. Sifirin ɗin ake fara cirewa, sannan a juya totur har bakin sandar ya zo daidai da tsagarsa, sai ta fita da kanta. Kada ka lanƙwasa ta. Gasket ɗin ma ka lura da yadda suke jere da fuskar da kowanne ke kallo.

Kwance kusar tsakiyar kofi, ka zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da fulot, wato abin da ke yawo a kan mai a cikin kofin, fulot ɗin zai fito tare da allurarsa. Idan allurar ta manne, fesa mata magani ka ba ta lokaci, kada ka ɓanɓare ta da filaya, don kanta roba ne, kuma in ya sami rauni fetur zai riƙa tsiyaya har abada. Girgiza fulot ɗin kusa da kunnenka. In ka ji mai a ciki ya huje, sai sabo.

Yanzu ga wurin da ake sha wuya. A cikin bututun tsakiya akwai babban jet, wato ɗan sukuru mai ramin da mai ke bi, na tagulla mai tsaga a kai. Sukudireban da za ka sa masa dole bakinsa ya cika tsagar, kuma jikinsa ya shiga bututun ba tare da ya ci zaren gefe ba. In babu irinsa, goge gefen tsoho a kan dutse har ya shiga. Tagulla tana da laushi, murɗa ɗaya da sukudireban da bai dace ba ta isa ta cinye tsagar, daga nan kuma ba mai iya fitar da jet ɗin cikin sauƙi. Idan ya ƙi motsi, cika bututun da magani ko tina, ka je ka yi wata hidima ka dawo. Ka danna sosai sannan ka murɗa.

Bayan jet ɗin akwai wani siririn bututu, shi ma na tagulla, da ƙananan ramuka a jere a gefensa. A kafireta mai tsabta yana faɗowa da kansa, amma a wadda ta shekara yakan manne, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san yana nan ba. Leƙa ta maƙogwaron kafiretar za ka ga kansa ya ɗan fito a tsakiya, tura shi ƙasa da tsinken icce. A cikin ramukan nan iska ke gauraya da mai kafin su shiga inji, don haka in rabinsu a toshe suke injin zai tashi amma ba zai ja ruwa da ƙarfi ba. Jiƙa shi da jet ɗin da kofin a cikin tina kamar minti 30. Fulot da allura da zoben roba da duk wani abin roba kada su shiga tina, kumbura suke yi.

Sai ka zaro silli ɗaya daga wayar lantarkin nan ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Jan ƙarfe ya fi tagulla laushi, saboda haka yana ture datti bai ƙara faɗin rami ba. Allurar ɗinki da wayar burki haramun ne a wurina. Ramin babban jet bai kai milimita 1 ba, an auna shi ne daidai da iskar da injin ke sha, kuma da ka ɗan faɗaɗa shi sai baƙin hayaƙi da filogi mai yin baƙi kullum da shan mai ba kai ba gindi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba manomin da zai iya ɗaukar wannan asara, ga kuɗin taki ga na iri.

Saura ƙaramin jet, wanda shi ne ke riƙe inji in an rage wuta. A wannan kafireta yana sama, baƙar roba ce da aka cusa a rami, ƙarƙashin sukurun da ke tare totur. Sai ka cire sukurun, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, sannan ka ɗaga jet ɗin a hankali. A ƙasansa akwai rami da bai kai rabin milimita ba. Duk injin da ke hawa da sauka, ko wanda ba ya zama sai da cok, nan zan fara dubawa. Bi shi da sillin waya har ka ga haske ta ciki. Sukurun daidaita mai da iska da ke gefe kuma, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa har ya tsaya, ka riƙe lissafin, sannan ka fitar da shi. Kada ka matse shi, bakinsa tsini ne.

Fesa magani a kowace kafa ta jikin kafiretar, kana kallon inda yake fita. In ka fesa ta ramin ƙaramin jet, ya kamata ka ga ya ɓullo ta 'yan ramukan da ke kusa da faifan totur. In bai ɓullo ba, aiki bai ƙare ba, komai ƙyallin waje. Kawar da fuskarka, maganin yana dawowa ido. Daga nan kai ta wajen mai faci ya hura mata iska da injinsa, abin da zai karɓa kaɗan ne. Idan kuwa ka tarar da farin gari ya cinye cikin bututun har ƙarfen yana marmashewa, ruwa ne ya kwanta a ciki, wanki ba zai yi magani ba. Ɗauki tsohuwar ka je kasuwa da ita a gwada maka sabuwa, musamman tazarar ramukan noti da hannun cok.

Mayarwa ba wuya. Siririn bututu, babban jet, allura da fulot, kofi. Sa tsabtataccen tiyo ka hura ta mashigar mai: a tsaye iska ta wuce, in ka kife kafiretar ta tsaya. Gasket ɗin da ya yage a sake shi, kada a shafa masa gam, don iskar da ke shiga ta nan ma tana sa inji hawa da sauka. Sukurori su koma lissafinsu.

Kada ka haɗa wankakkiyar kafireta da tanki mai datti. Zubar da tsohon mai, ɗauraye tankin, duba matatar bakin tanki da ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon mai. In man 'yan bumburutu za ka saya, tace shi da kyalle. Shinshina baƙin mai, in yana warin fetur sake shi, lita 0.6 yake ci, kuma injin da ke da na'urar gargaɗi ba zai tashi ba in man ya yi ƙasa. Cika tukunyar famfon ban ruwa da ruwa kafin ka ja igiya, gudu a bushe yana ƙona sil ɗin da ke hana ruwa yoyo. Bar shi ya yi zafi, buɗe cok, ka daidaita sukurun totur har ya zauna ba rawa. Ranar da za ka sake ajiye shi kuma, rufe famfon mai yana cikin aiki har ya mutu da kansa, ka kwance ƙaramin sukurun gefen kofi sauran man ya tsiyaye.