Yadda Ake Kai Yara Wanka a Ruwan Wikki na Yankari

Ruwan Wikki yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani dutse a cikin dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Garai-garai yake, har kana hango farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafarka. Wannan kyan ne ke sa iyaye su saki jiki, kuma sakin jikin shi ne abin tsoro idan da yara aka zo. Ga yadda za ku shirya.

Ku fara da zaɓen lokaci. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin Gaji don shan ruwa, yara za su fi ganinsu. Amma ku kauce wa ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, domin wurin cika yake yi maƙil, kuma a cikin cunkoso ne yaro ke ɓace wa idon uwarsa. Tsakiyar mako ya fi. Ku kira tun daga gida ku kama ɗaki, ku tambayi kuɗin shiga, ku kuma tambayi halin da hanya ke ciki.

Daga Bauchi za ku ɗauki hanyar Gombe, ku ratse a Dindima zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofa take. Kada yara su fara murnar an iso: daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji. Ku cika tanki tun a Bauchi, ku riƙe tsabar kuɗi, ku yi sammako yadda za ku isa da rana tsaka.

Kaya ba sai da yawa ba. Kowane yaro tawul ɗinsa da kayan canji biyu, da silifas mai kama ƙasa saboda matakalar sauka ruwan tana da tsawo, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa santsi gare ta. Ku zo da rigar sanyi in hunturu ne: cikin ruwan ɗumi, amma da yaro ya fito iska ta buge shi sai haƙora su fara kaɗawa. Sai ruwan sha, man shafawa na korar sauro, da gishirin zawo na ko-ta-kwana. Wanda bai iya iyo ba a saya masa rigar ruwa mai hana nutsewa daidai jikinsa, mai ɗauri a tsakanin cinyoyi. Tif ɗin taya da balan-balan na hannu kayan wasa ne, yaro na iya sulluɓewa daga ciki.

Kafin a sauka daga mota, ku yi wa yara bayanin gwaggon biri. Birai na yawo a sansanin kamar 'yan gida, sun san leda, sun san kular abinci, sun kuma san cewa ƙaramin yaro ne mai saukin ƙwace. Dokar guda uku ce: ba a riƙe abinci a hannu a waje, ba a miƙa wa biri komai, in kuma ya fizge abu a sakar masa. Biskit bai kai yatsa ba. Ku rufe gilasan mota, ku kulle ƙofa da tagar ɗaki ko da kuna ciki. Gadu ma na kiwo a tsakanin ɗakuna, a kalle shi daga nesa. In tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

To, sai ruwan kansa. Da kun sauka, babba ɗaya ya fara shiga shi kaɗai ya taka ya ji zurfi. Ruwa mai haske yana yaudarar ido, inda kake gani iya gwiwa sai ka tarar iya ƙirji ne. Wajen dutsen da ruwan ke fitowa ya fi zurfi, yakan kusa shanye babban mutum, don haka yara su tsaya can ƙasa inda ya yi faɗi bai da zurfi. Ku nuna musu alama ɗaya, ko itace ko saiwa, ku ce: "Daga nan ba wanda zai wuce."

Sannan ku fidda mai tsaro, ku ambace shi da baki. Kowa na kallo yana nufin ba mai kallo. Baba ya ce, "Umma, yanzu ni ke kan yara," bayan minti 20 ya ce, "Karɓi, ke ce yanzu," sai ta amsa kafin ya juya baya. Mai tsaro ba waya, ba hoto, ba hira. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba. Ina nanata wannan ne domin yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Kansa ne ke ɗagowa yana komawa, baki a buɗe, shiru, cikin ƙasa da minti guda an gama. Kuma don Allah kada a ɗora wannan nauyi a kan Yaya 'yar shekara goma sha biyu, ita ma wasa ta zo yi. In yaro ya shaƙi ruwa ya ci gaba da tari ko numfashinsa ya canza, a kai shi a duba shi, kada a ce zai wuce.

Duk bayan kamar rabin awa ku fito da su su sha ruwa, su yi fitsari a bayi, su huta a inuwa. Ɗumin ruwan na ɓoye ƙishi da gajiya. Sabulu da omo ba na nan ba ne, a bar su a ɗaki, domin ruwan nan shi dabbobi ke sha a gaba. Iyaye mata da 'yan mata masu son sakewa su sauko da sassafe bayan gari ya waye, kafin jama'a su taru. Kada kuma a bar yara su bi ruwan su gangara daji: a Gaji akwai kada da dorina.

Fita kallon dabbobi a mota ku bar shi zuwa safiya ko yamma, tare da jagora. Ku sa wa yara kaya masu dogon hannu, farare ko ruwan ƙasa, saboda tsando na bin baƙi da shuɗi. Kada ku yi musu alkawarin giwa. Tana nan, amma dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ganinta sai rabo. Gwambaza da gwanki da ɓauna sun fi sauƙin samu. In da sauran lokaci, ku leƙa gidan tarihin da ke sansanin, ku kuma roƙi jagora ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. Ranar komawa ku bar sansanin da hantsi, ku fita ƙofar Mainamaji tun rana na sama.