Rage ɓarna a masana'anta: kurakuran da aka fi yi a Kano

A Sharada da Challawa da Bompai, maganar rage ɓarna ta shiga bakin manajoji. Tsarin ya samo asali ne daga kamfanin Toyota na Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda injiniya Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7: yin kaya fiye da buƙata, zaman jira, yawo da kaya, aikin da ya wuce kima, jibge kaya a sito, zirga-zirgar ma'aikaci ba dalili, da kayan da suka fito da aibi. In an bi shi yadda ya kamata, aljihu ya huta, muhalli ma ya huta. Sai dai mu nan sau da yawa a baibai muke ɗaukarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a fara da sallamar ma'aikata. Ka sake duba lissafin Ohno, babu mutum a ciki. Wanda ya shekara goma a kan inji, daga ƙara kawai yake gane cewa wani abu ya fara goguwa. Ranar da aka sallami abokin aikinsa da sunan tsimi, shi ma ya kama bakinsa, domin ya ga duk shawarar da ta sauƙaƙa aiki tana iya raba wani da abincinsa. Gyaran shi ne a faɗa wa kowa tun farko cewa ba wanda zai rasa aiki saboda gyara, wanda hannunsa ya samu sarari a koya masa wani injin.

Sai wuta da man gas, inda kuɗi ke tsiyaya ba a gani. Na taɓa tsayawa a wata masana'antar roba lokacin hutun azahar. Layi a tsaye, ba kowa, amma janareta na ruri, injina sun ɗau zafi suna jira, tiyon iska kuma na ta huci ta wata ɓula da aka ɗaure da tsohuwar robar taya. Na tambayi mai kula da wurin, ya ce, “Yallaɓai, ai tun bara haka yake.” Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, irin wannan sakaci ya fi ƙarfin a kau da kai. Magani ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: littafi ɗaya, a riƙa rubuta lita nawa aka ƙona da tan nawa aka fitar kowace rana, sannan a zagaya bayan an tashi, lokacin da wuri ya yi tsit, a bi ƙarar iska da kunne, a toshe inda take fita.

Akwai kuma masu kwashe sito kaf, wai kaya su riƙa zuwa daidai lokacin da za a yi aiki da su. Tsakaninmu da tashar Apapa kusan kilomita 1,000 ne, kwantena kuma ba ta da ranar isowa. Toyota kanta, bayan girgizar ƙasar 2011, ta koma tanadin wasu muhimman sassa. A raba kayan gida biyu: abin da ake samu a Dawanau ko Kura a saya kaɗan-kaɗan, abin da ke ƙetaro teku a yi masa ajiya. A kuma haɗa lodi, don mota rabi-rabi sau uku ta fi tirela ɗaya cike shan mai.

Fenti a ƙasa da goge inji ranar da baƙi za su zo, wannan kwalliya ce kawai. Tsabtar minti goma kullum kafin a tashi ta fi ta amfani.

Mafi haɗari shi ne a lissafa tace gurɓataccen ruwa cikin abin da za a rage. A majema, ruwan jima yana fita da sinadarin kuromiyam, kwata kuma ta kai shi kogin Challawa, inda masu noman rani ke ban ruwa. Wannan sinadarin da kuɗin waje aka sayo shi. Ana iya ware ruwan jima daban, a sa masa maganin da zai sa sinadarin ya kwanta, a tace shi a mayar gangar jima. Matakin farko, a hana kwatar jima haɗuwa da ta wanke fatu, domin da zarar sun gauraya, fitar da shi ya yi wuya.