Ga masu zuwa Poole: ku san jiragen da garin nan ke ci da su

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in zauna in rubuta wannan, don kusan duk wata sai wani ya kira ni ya ce yaya ga ni nan tafe Bournemouth karatu ko aikin kula da tsofaffi, ina zan kama ɗaki, ina masallaci, ina ake samun naman halal, kuma duk ina amsawa daidai gwargwado, amma abin da ke damuna shi ne mutum zai yi shekara biyu cur a yankin nan na Poole da maƙwabciyarta Bournemouth a kudancin Ingila, kullum yana wuce manyan rumfunan da ake ƙera jiragen ruwa a bakin gaɓar Poole, bai taɓa tambayar kansa me ake yi a ciki ba, alhali ƙila a gida shi ƙwararren kafinta ne ko mai walda ko mai haɗa wayar lantarki. Ni a Panteka ta Kaduna na koyi kafinta, kuma sai da na ɓata wata tara ina ɗaukar kaya a sito kafin wani dattijo Bature maƙwabcina ya ga ina gyara ƙofar kicin ya ce me ya hana ni neman aiki wajen masu jirgi.

To bari in fara da kamfanin kansa, don in ba ku san shi ba ba ku san garin ba. Sunansa Sunseeker. Ranar farko da kuka samu sarari ku je Poole Quay ku tsaya ku kalli tsallaken ruwa ta ɓangaren Hamworthy, za ku ga fararen jirage masu baƙin gilashi a jere, wasu an lulluɓe su da leda wasu ma'aikata na hawa suna sauka, duk a nan ake yin su. Wa da ƙani ne suka kafa shi, Robert Braithwaite da John Braithwaite. Da farko ma ba ƙira suke yi ba, Robert yana aiki ne a wani shagon sayar da ƙananan jirage mai suna Friars Cliff Marine, suna sayar da na wasu, ciki har da na wani kamfanin Amurka mai suna Owens. A 1969 suka dawo Poole da sunan Poole Powerboats. Da Owens ya tattara nasa ya nasa ya bar kasuwar Ingila, maimakon su zauna suna jimami sai Robert ya nemo kuɗi ya sayi mazubin da ake zuba jikin jirgin a ciki, suka fara yin nasu da hannunsu. Na farkon shi ne Sovereign 17 a 1971, ƙafa 17 kacal, wato mita biyar da 'yan kai, bai fi doguwar mota ba.

Abin da ya juya musu akala wani tsohon direban tseren motoci ne, Henry Taylor, wanda ya koma sayar da jirage a kudancin Faransa. Ya ga jirginsu a bajekolin Landan a farkon shekarun 1970, ya nuna musu cewa masu kuɗin da ke can bakin Bahar Rum ba ɗakin fakewa daga ruwan sama suke nema ba, farin jirgi suke so mai faffaɗan wurin kwanciya a sha rana. Suka ji maganarsa. Daga nan ne tunanin sunan ya samo asali, mai neman rana, kodayake sai a 1985 kamfanin gaba ɗaya ya koma Sunseeker International. Ni wannan wurin yana burge ni sosai, mutanen da ke zaune a garin da hadari ba ya yankewa suka gina sana'arsu a kan abin da mutumin wata ƙasa ke bukata, don kawai sun saurari mai saye.

Sai kuma Don Shead, wanda ya yi suna wajen zana jiragen tsere. Shi ya zana musu ƙasan jirgi mai tsini sosai wanda ke yanka igiyar ruwa maimakon ya riƙa dukanta, aka fitar da Offshore 28 a ƙarshen shekarun 1970. Daga nan abu ya yi ta girma, Portofino 31 da Tomahawk 37 a shekarun 1980, sai Predator 80 a shekarun 1990, sai 105 Yacht a 2001, har aka kai ga 155 Yacht a 2014 mai kusan mita 47, wanda Eddie Jordan na tseren motoci ya saya na farkonsa. Finafinan James Bond huɗu a jere daga 1999 zuwa 2008 duk an sa jiragensu, kuma mutanen Poole na alfahari da wannan ba kaɗan ba, in kana son hira ta yi daɗi da tsoho a tashar bas ka taɓo masa zancen. A 2013 kamfanin Dalian Wanda na ƙasar Sin ya sayi sama da kashi 90 cikin ɗari a kan fam miliyan 320, Robert ya rasu a 2019, a 2024 kuma aka sake sayar da shi ga wasu masu zuba jari na Amurka da Italiya. Masu shi sun yi ta canzawa amma aikin yana nan yankin Dorset, a Poole da kuma Portland can kusa da Weymouth.

Yanzu sunayen jiragen, kuma dan Allah kada ku ce wannan ba ruwanku, don ranar intabiyu ko a wajen ƙaramin ɗan kwangila ne sai an ambaci ɗaya, in ka yi zuru an gane baƙo ne kai. Lambar da ke jikin suna yawanci tsawon jirgin ce a ƙafa, ko kusa da haka. Manhattan, kamar 55 da 68, shi ne mai bene, akwai wurin zama da sitiyari na biyu a sama, na iyali ne, ɗakunan kwana a ƙasa da kicin da banɗaki kamar gida. Predator ba shi da benen, a kwance yake kamar motar tsere, rufinsa na buɗewa, na masu son gudu ne. Sport Yacht yana tsakaninsu, siffar Predator amma da ɗan ƙaramin bene a ɓoye. Superhawk 55 buɗaɗɗe ne na yawon yini. Sai waɗanda ake kira Yacht kawai, 76, 88, 95, 100, waɗannan sai da ma'aikata masu kwana a ciki, har da nasu ɗakunan daban. Ocean kuma, kamar 90 Ocean, faɗi aka ba shi fiye da gudu, cikinsa yalwa. A sama da su akwai irin su 131 Yacht masu hawa uku. In ka riƙe wannan kaɗai ya isa ka shiga hira, sauran a bakin aiki za ka koya. In kuma kana son ganinsu da ido har ka taka ciki, akwai bajekolin jirage na Southampton duk watan Satumba, bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne jirgin da ake sayarwa miliyoyin fam, hannu ne ke yin mafi yawansa. Ba kamar mota ba ce da inji ke bugawa. Ranar da na fara shiga rumfar zuba jiki a wata ƙaramar ma'aikata da na fara aiki, warin ne ya fara tarbe ni tun daga ƙofa, wani wari mai kaifi kamar na fenti da gam a haɗe wanda ke maƙale a riga har gida. Mazubin yana nan kamar ƙaton kwano mai sheƙi, an goge shi da kakin zuma, an fesa farin fentin da zai zama fatar jirgin, sai mutane cikin fararen kaya suna shimfiɗa tabarmar faiba, wato ta zaren gilashi, suna shafa mata rezin, wani ruwan gam mai daskarewa, suna bi da ɗan ƙaramin rola suna fitar da iska. Wani ɗan ƙasar Poland da ke koya mini ya kama hannuna ya sa ni na shafa wani wuri da ido bai ga komai ba, yatsa kuma ya ji ɗan kumburi kamar ƙwayar gero, ya ce wannan iska ce ta maƙale, in aka bar ta bayan shekara biyu a rana za ta fashe a jikin jirgin wani. Sai da aka kankare wurin aka sake. Tun ranar na gane irin aikin da ake so a nan.

A ɓangarena na kafinta kuwa, abin da ya fi ba ni wuya shi ne babu bango ɗaya miƙaƙƙe a cikin jirgi, komai a lanƙwashe yake, kuma da milimita ake awo, ba inci ba, ba kuma “ya yi daidai” na ido ba. Durowa dole ta kasance da maƙulli don kada ta zazzago in jirgi ya karkata, katako dole zanensa ya bi juna daga wannan ƙofa zuwa waccan. Amma wallahi wanda ya iya haɗa gado da wadirof na amarya da kayan aiki rabi da rabi a gida, in ya samu injinan nan da haƙurin koyo, wata shida ya ishe shi ya tsaya da ƙafarsa. Haka masu ɗinkin kushin, haka masu lantarki da famfo da kanikawan injin dizal da masu fenti. Mata ma suna ciki, musamman ɗinki da shimfiɗa faiba da duba ingancin aiki. Kafin ka taso ka ɗauki hotunan aikinka da bidiyo kana yi da hannunka, ka zo da takardar gwajin sana'a in kana da ita. Matasa kuma su duba Bournemouth and Poole College, suna da koyon sana'ar jirgi wanda ake haɗa aji da aiki.

Sai dai a kula da takardu. Ɗalibi mai karatun digiri awa 20 kawai aka yarda masa a mako lokacin karatu, kada ka ƙara ko minti don wani ya ce ba a dubawa. Wanda ya zo ta hannun mai ɗaukar nauyi, bizarsa a ɗaure take da wannan aikin, ka karanta sharuɗɗanka a shafin gwamnati kafin ka karɓi wani. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka takardar ɗaukar nauyi daga kamfanin jirgi, ɓarawo ne, ka nema kai tsaye a shafin kamfani ko ta ofisoshin samar da ma'aikata da ke da adireshi a gari. Ka kuma sani kasuwar kayan alatu hawa da sauka take yi, in masu kuɗin duniya suka ɗan ja hannu oda na raguwa, kuma 'yan wucin gadi ake fara sallama, saboda haka ka riƙa ajiye wani abu tun albashin farko. Takunkumin fuska da abin toshe kunne da aka ba ka, ka sa su ko da ka ga tsofaffin hannu sun cire, ƙurar faiba ba abin wasa ba ce ga huhu, kuma ka riƙa wanke kayan aiki daban da na yara don tana sa ƙaiƙayi.

Batun muhalli, Poole na da tsada, a nan Sandbanks take inda gidaje suke cikin mafi tsada a Ingila, kada ma ka ɓata lokacinka a can. Ka duba Hamworthy in kana son zuwa aiki da keke, ko Parkstone ta sama wajen Ashley Road inda akwai masallaci, ko ka tafi Boscombe da Charminster a Bournemouth inda shagunan halal da kayan abincinmu suka fi yawa, bas M1 da M2 na zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu. Babban masallacin Bournemouth na kan St Stephen's Road. In za ka riƙa tsallakawa Hamworthy ka san gadoji biyun, tsohuwar da Twin Sails da aka buɗe a 2012, dukansu ɗaga su ake yi jirage su wuce, in ka yi rashin sa'a sai ka tsaya kana kallon agogo, to ka duba jadawalin ɗagawar ka fita da wuri. Kuɗin ajiya na haya a doka bai wuce na mako biyar ba, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya cikin kwana 30 ya ba ka shaida. Ni wani mai gida ya cinye nawa a ɗakina na farko don hannu da hannu na ba shi ba rasit, har yau abin na yi mini ciwo, kada ya faru da ku. Ka yi rajista da likitan unguwa a makon farko tun kana lafiya, ka nemi lambar NI, wato National Insurance da ake bukata wajen aiki da haraji, ka tambayi ko harajin ƙaramar hukuma, wato council tax, na cikin kuɗin hayar ko a kanka yake.

Sallah a wajen aiki, ka faɗa wa shugaban sashenka tun ranar farko cikin ladabi, kada ka riƙa sulalewa. A hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskarka a bakin aiki, ni ina ajiye 'yar darduma a loka ina amfani da hutun shayi. Juma'a ma in ka yi magana da wuri akan samu yadda za a yi, wurare da dama a wannan sana'ar da wuri suke tashi ranar Juma'a. Sanyin rumfa da asuba kuwa sai ka sa riga biyu a ƙarƙashin kayan aiki da safa mai kauri, iskar teku daban take da sanyin hunturun gida, tana shiga ƙashi.

Wata safiya a bazarar da ta wuce na tsaya a bakin Quay na ga ana fitar da wani ƙaton jirgi gwaji, ya bi ta gefen tsibirin Brownsea a hankali ya nufi bakin teku, ɗana na riƙe da hannuna yana tambaya Baba na waye, na ce ban san mai shi ba, amma irin ƙofofin da ke cikinsa su nake yi kullum. Duk wanda ya iso kuma yana da sana'a a hannu, ya yi mini magana bayan sallar Juma'a a Parkstone, ya zo da hotunan aikinsa a waya mu duba tare.