Haɗin fetur da mai a injin keke

'Yan uwa masu ɗaura wa keke ƙaramin inji, a kula da haɗin mai. Injin nan, irin mai bugu biyu (tu-sitirok), ba shi da wurin zuba baƙin mai, abin da ka gauraya a fetur shi kaɗai ke jiƙa fistan.

Ku nemi baƙin mai mai rubutun 2T, wato na injin tu-sitirok, kada ku zuba na mota, toshe salansa yake yi. Idan injin sabo ne, mililita 40 a kowace litar fetur. In ya saki jiki, bayan ya sha tanki huɗu ko biyar, sai a rage zuwa 30. Ni da sirinji nake aunawa, ido yana ruɗi.

A jarka za a haɗa, a girgiza sosai kafin a juye a tanki. Mai ya yi yawa, hayaƙi da baƙin filogi. Ya yi kaɗan kuwa, fistan ya kama, sai wajen makaniki.