Tankin masai na yoyo ko ba ya kora da ƙarfi: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Wanda bai saba ba, idan ya ɗaga murfin tankin masai sai ya ga kamar tarkace ne aka tara: ga sarƙa, ga ƙwallo, ga bututu, ga robobi. Alhali bawul biyu ne kacal ke aiki a ciki. Na farko shi ke shigo da ruwa, ya kuma tsaya da kansa idan ƙwallon da ke yawo a saman ruwa ya taso ya kai inda aka saita shi. Na biyu yana can gindin tanki, shi ke buɗewa ya saki ruwa zuwa kwano idan an ja hannu ko an danna maɓalli. Sai kuma wani bututu a tsaye mai buɗaɗɗen baki, wanda ke kwashe rarar ruwa ya zuba a kwano idan bawul ɗin shiga ya ƙi tsayawa, don kada ruwa ya malale a ƙasa. Kusan duk asarar da ake yi a wannan gyara daga wuri ɗaya take farawa: mutum ya je ya sayo kaya tun bai tantance wanne ne daga cikin bawul biyun nan ke da laifi ba.

Sayen kaya kafin gano mai laifi

Ƙarar ruwa da ba ta tsayawa ita ce ke tura mutane canza bawul ɗin shiga, tunda daga wajensa ƙarar ke fitowa. Sau da yawa shi lafiyarsa lau. Ruwa ne ke sulalewa ta ƙasa, shi kuma yana cike giɓin, kamar yadda aka yi shi ya yi.

Ka ɗaga murfi ka duba inda ruwa ya tsaya. In ka ga ya kai bakin bututun rara yana gangarawa ciki, to bawul ɗin shiga ne, ko dai an saita ƙwallon ya yi sama da yawa, ko robar cikinsa ta daina toshewa. In kuwa ruwa na ƙasa da bakin bututun, amma jefi-jefi ka ji tanki ya ɗan ja ruwa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, to yoyon na ƙasa ne. Ɗiga kalar abinci a tanki, ka bar shi kamar minti 20 ba tare da an kora ba. Launi ya bayyana a kwano? Magana ta ƙare.

Akwai gwajin da ya fi wannan nuna wurin. Ka rufe famfon da ke bango, ka yi alama da fensir a daidai saman ruwa, ka bar shi ya kwana. Inda ruwan ya sauka ya tsaya, nan yoyon yake. Idan ya tsaya daidai da bakin ramin gindin tanki da marfin roba (wanda sarƙa ke ɗagawa in an ja hannu) ke zama a kai, marfin ne ko mazauninsa. Idan ya tsaya a tsakiya, ka nemi tsaga a jikin bututun rara daidai wannan tsayin. Idan tanki ya tsiyaye ƙaf har ƙasa, robar da ke ƙarƙashin bawul ɗin sakin ruwa gaba ɗayansa ce, kuma wannan sai an sauke tanki.

An canza marfin roba, yoyo bai tsaya ba

A nan mutane suka fi ruɗewa, kuma dalilan ba ɗaya ba ne.

Mazaunin marfin, wato zoben da yake kwanciya a kai, yakan tara farin ɓawon da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari, ko ya sami ɗan karce. Ka zagaya shi da yatsa. Duk wani kaushi da yatsanka ya ji, ruwa ma zai same shi. Ka goge da soso mai laushi da ruwan khal, ban da wuƙa, ban da sandar ƙarfe.

Sai sarƙa. In ta yi gajarta, tana ɗan ɗage marfin, wani lokaci ɗagewar da ido ba ya gani, musamman bayan an mayar da murfin tanki ya danne hannun. In ta yi tsawo kuma, rararta kan shige ƙarƙashin marfin a daidai lokacin da zai rufe. Sassaucin kamar santimita ɗaya ya isa, ragowar a yanke ta ko a maƙale ta sama.

Girman ma ba ɗaya ba ne. Akwai ramin inci 2, akwai na inci 3 da ya yawaita a sabbin tankuna saboda ya fi saurin sakin ruwa. Kuma ko girman ya zo ɗaya, ba kowane marfi ne ke jinkiri iri ɗaya ba. Marfin yana da ɗan kogo mai iska a ciki, shi ke sa ya yi ta yawo a buɗe har ruwa ya yi ƙasa sannan ya faɗo. An auna wannan jinkirin da yawan ruwan da masan ke buƙata. Ka sa wanda ke saurin faɗowa, sai ka ga dole sai an riƙe hannu kafin ya kora. Ka sa wanda ke daɗewa, ruwa na tafiya fiye da kima a kowace kora. Shi ya sa ya fi kyau ka cire tsohon ka tafi da shi wajen saye.

Wani abin da ko masu gyaran famfo kan yi sakaci da shi shi ne siririn tiyon da ke fitowa daga bawul ɗin shiga ya nufi bututun rara. Ba duk tankuna ke da shi ba. Inda yake, aikinsa ya mayar wa kwano ruwansa bayan an kora. Wurinsa a bakin bututun ne, a maƙale da ɗan kilif, sama da ruwa. Sai wani ya ga yana lilo, ya cusa shi can cikin bututun don ya zauna da kyau. Da zarar bakinsa ya sauka ƙasa da saman ruwan tanki, sai ya fara zuƙo ruwa shi kaɗai, daidai yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota: in ya fara zuba, ba ya tsayawa. Ko marfi nawa ka canza, tanki zai ci gaba da raguwa.

Rashin ƙarfin kora

Abin da ke wanke kwano ba yawan ruwa ba ne kaɗai, har da saurin zuwansa. Lita 6 da ta afka cikin 'yan daƙiƙu tana yin abin da lita 10 da ke tsiyaya a hankali ba za ta yi ba. A wasu masai, irin waɗanda suka fi yawa a Amurka, sai ruwa ya cika lanƙwasar bututun ƙasa tam kafin zuƙowa ta fara, wannan ƙarar gurr ta ƙarshe ita ce alamar iska ta shiga ta katse ta. A irin waɗanda suka fi yawa a Turai kuwa, nauyin ruwan ne ke ture komai ya tsallake lanƙwasar. Duka biyun suna son ruwa ya zo da gudu.

Don haka kafin ka taɓa tanki, ka cika bokiti ka juye a kwano lokaci guda. In ya tafi tas, hanya a buɗe take, matsalar daga tanki zuwa kwano ce. In ruwa ya taru yana sauka a hankali, toshewa ce a ƙasa, ka ƙyale tanki, ba ruwansa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne na neman tattalin ruwa. Dabarar saka bulo ko kwalba a tanki ta samo asali ne a zamanin da tankuna ke zubar da lita 13 ko fiye a kora ɗaya, akwai rara da za a iya ragewa. Amma Amurka ta yi doka a 1992 da ta taƙaita kora a galan 1.6, wato kusan lita 6, Ingila ma ta tsaya a kan lita 6 daga 2001, masu ƙera kaya kuma suka sake fasalin kwano ya dace da wannan adadi. Masan da aka auna a kan lita 6, in ka rage masa lita ɗaya ko biyu, za ka koma kora sau biyu, ka kashe fiye da abin da ka so adanawa. Ga shi kuma bulo na narkewa sannu a hankali, yashinsa ya je ya zauna a ƙarƙashin marfi. Yawancin tankuna na da layin da ke nuna inda ruwa zai tsaya, a jikin bangon ciki ko a jikin bututun rara. In babu, ka bar shi kamar santimita 2 da rabi ƙasa da bakin bututun.

Ka kuma ɗauki ƙaramin madubi ka haska ƙarƙashin leɓen kwano. Akwai ƙananan ramuka jere da ruwa ke fitowa ta cikinsu, kuma farin ɓawon nan na toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ka rufe famfo, ka kora, ka zuba ruwan khal ta bututun rara ka bar shi 'yan awoyi, sannan ka bi ramukan da siririyar waya.

Mai maɓalli biyu, da mai zuƙowa

Kamfanin Caroma na Ostareliya ne ya fito da tanki mai kora biyu a 1980, yau kuma ya cika duniya, galibi lita 6 ga babbar kora, lita 3 ga ƙarama. Shi ba marfi mai sarƙa gare shi ba, wani gwangwanin roba ne a tsaye da ke ɗagawa sama, da faifan roba guda a gindinsa. In ya fara yoyo sai a ce a canza gaba ɗaya, alhali a yawancinsu murɗa shi kawai za ka yi kaɗan ya fito, ka ga faifan ya yi ƙuraje ko ya lanƙwashe, ka canza shi kaɗai. Sandunan da ke ƙarƙashin maɓallan ma su kan jawo rigima: in sun yi tsawo suna danne bawul ko ba a taɓa ba, in sun yi gajarta maɓalli ya shige ba abin da ya motsa. In tanki ya daina yoyo da zarar ka cire murfi, ya dawo da ka mayar, su ne. Haka in aka juya murfin, babban maɓalli ya koma kan ƙaramar kora, sai a yi ta zargin masai da rashin ƙarfi.

Akwai kuma tsohon tsarin Ingila, wanda ba shi da rami a buɗe a ƙasa sam. Jan hannu ne ke ɗaga wani siririn faifan leda ya tura ruwa ya tsallake lanƙwasa, zuƙowa ta ƙarasa sauran. Wannan ba ya yoyo zuwa kwano, amma in faifan ya yage sai an yi ta fafukar hannu sau uku sau huɗu. Masu ƙara tsawon ƙugiya ko lanƙwasa hannu ɓata lokacinsu suke yi, faifan za a canza.

Bawul ɗin shiga

In tanki na daɗewa bai cika ba, fara da dattin da ya maƙale. Akwai 'yar rariya a inda ruwa ke shiga, akwai kuma ɗan faifan roba a ƙarƙashin hular bawul, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa ko buɗewa. Rufe famfo, cire hular, kifa kofi a kai, ka ɗan buɗe ruwa ya wanke hanyar.

Abin da ba a cika tambaya ba wajen saye shi ne ƙarfin ruwan gidan. Ruwan da ke gangarowa daga tankin sama ƙarfinsa na bin tsayi ne: kowace mita 10 tana ba da kusan "bar" 1 (ma'aunin matsin ruwa ne), ke nan tankin da ke mita 3 sama da masai bai wuce kashi uku cikin goma na "bar" ɗaya ba. Bawul ɗin da aka yi don ruwa mai matsi sosai zai yi ta ɗiga a irin wannan gida, wani ma ya kasa rufewa da kyau, don akwai irin da matsin ruwan ne da kansa ke taya shi toshewa. Wasu na zuwa da ɗan abin rage gudu a cikin gindinsu, wanda ake cirewa in ruwa ba shi da ƙarfi. A duba takardar da ke cikin kwali, ba ado ba ce.

Wajen saita tsayinsa kuma, za ka ga alamar CL a jikin wasu. Wannan alama dole ta kasance aƙalla inci ɗaya sama da bakin bututun rara, don in ruwa ya ɗauke, kada bututun gida ya zuƙo ruwan tanki ya koma layin da ake sha. Ƙwallo mai sanda kuwa yana da sukurun saiti, da shi ake ɗagawa ko saukewa. Sandar roba in ka ce za ka lanƙwasa ta, karyewa za ta yi. In ƙwallon ya yi nauyi, ka girgiza ka ji ruwa a ciki, ya huje.

Ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a tanki don ƙamshi da tsabta su ne ke cinye duk robobin nan. In ka taɓa marfi ya bar maka baƙi a yatsa, ko ya yi laushi kamar danƙo, ka san abin da ya ci shi. Maganin wanki a kwano ake zuba shi.

Ɗaurin ƙarfi

Tangaran ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma tankin da ya tsage ya tashi aiki, gam ba ya riƙe shi na dogon lokaci. Notunan da ke haɗa tanki da kwano bi-da-bi ake ɗaure su, kaɗan a dama, kaɗan a hagu, har tanki ya daina rawa, shi ke nan. Robar ce ke hana yoyo, ba ƙarfin sifana ba, kuma wurin washar roba cikin tanki ne, ƙarƙashin kan kusar. In aka sa washar ƙarfe ta riga ta zama a kan tangaran, ruwa zai bi ta gefenta. Notin roba na bawul ɗin shiga da hannu ake ɗaure shi, sannan a ɗan ƙara kaɗan. Tiyon da ke da washa a bakinsa ba ya buƙatar farin tef, tef ɗin ma kan hana shi zama daidai.

Notin hannun kora a tankuna da yawa zarensa a juye yake, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure shi yana zaton kwancewa yake, har ya fasa gefen tanki. In ya ƙi motsi ta inda ka saba, gwada ɗaya ɓangaren kafin ka ƙara ƙarfi.

Kafin ka sauke tanki saboda ka ga jiƙa a ƙasa, ka tabbatar ba gumi ba ne. Ruwa mai sanyi a ɗaki mai ɗumi da laima yakan sa jikin tanki ya yi raɓa har ta ɗiga. Ka goge ko'ina ya bushe, ka zuba kalar abinci a ciki, ka naɗa farar takardar shafa a kan kowane noti da bakin tiyo. Takardar da ta ɗauki launi, nan za ka kwance. Wadda ke bakin tiyo in ta jiƙe ba launi, washar tiyon ce. In kuwa duk jikin tankin ne ya sake yin raɓa daga layin ruwa zuwa ƙasa, gumi ne, iska ɗakin ke buƙata.