Yadda Ake Samun Kulob Ɗin Ƙwallo a New York, Daga Filin Unguwa Zuwa Ƙwararru

Matashin da ya sauka a Bronx daga zangon Kumasi, ko Yamai, ko Kano, da takalmin ƙwallonsa a jaka, yakan zaci tsarin gida zai tarar: ka haskaka a unguwa, koci ya hango ka, kulob ya ɗauke ka, ku hau rukuni bayan rukuni har ku kai sama. A Amurka abin ba haka yake ba, kuma rashin sanin wannan ya cinye wa yara masu ƙafa shekarun da ba za su dawo ba. Ƙwallo tana nan birjik a New York da kewayenta. Ƙofofinta ne suke warwatse, kowace da mabuɗinta. Ga yadda ake bin su.

Mataki na farko: gane wane ne wane

A sama akwai gasar MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kuma yankin yana da kulob biyu a cikinta. New York Red Bulls ta fara a 1996 da sunan MetroStars, ta sauya suna a 2006, filinta yana Harrison a jihar New Jersey. New York City FC kuwa ta fara wasa a 2015, masu Manchester City ne ke da mafi yawan hannun jarinta, ta daɗe tana karɓar baƙi a Yankee Stadium da ke kudancin Bronx, kuma ta ci kofin MLS a 2021. Kowace tana da ƙungiya ta biyu a gasar MLS NEXT Pro, inda ake rainon masu tasowa. Ƙasa da MLS akwai gasannin USL, kuma a ɗaya daga cikinsu Westchester SC ta fara wasa a 2025 a Mount Vernon, garin da ke manne da Bronx ta arewa. A ɓangaren mata akwai Gotham FC, wadda ta zama zakarar babbar gasar mata ta Amurka a 2023, da Brooklyn FC da ta fara a 2024.

Abin da za ka riƙe shi ne wannan: a MLS babu hawa, babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Kulob yana shiga ne ta hanyar sayen gurbi da maƙudan daloli. Ko da ƙungiyar unguwarku ta cinye kowa shekara goma a jere, ba za ta hau can ba. Ɗan wasa ne ke hawa shi kaɗai, ƙungiyarsa tana nan inda take. Saboda haka tun daga farko ka tambayi kanka abin da kake nema: sana'a, ko karatu ta hanyar ƙwallo, ko kuwa wasan Lahadi mai zafi da abokai. Dukkansu ukun suna samuwa, amma ba hanya ɗaya suke bi ba.

Mataki na biyu: je fili, ka bari ƙafarka ta yi magana

Kafin kowace rajista, nemi inda ake buga ƙwallon haɗa-ka. Macombs Dam Park, daura da Yankee Stadium, ba ya rabuwa da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Latin Amurka da yamma. Akwai filayen Van Cortlandt Park a arewacin Bronx, akwai Pier 40 a Manhattan, akwai Pier 5 a Brooklyn Bridge Park. Babbar matattara ita ce Randall's Island, tsibiri mai filayen wasa fiye da 60, kuma motar M35 daga titi na 125 a Harlem tana kai ka har ciki. Ranar Lahadi ka je can da safe, ka zaga, ka kalli wasannin lig. Bayan an tashi, ka gaida koci, ka faɗa masa lambar da kake bugawa, ka tambayi ranar atisaye. Yawancin ƙananan kulob ta haka suke samun 'yan wasa, kuma mai tsaron gida ko ɗan baya na kirki ba ya daɗewa ba a neme shi ba.

Galibin filayen nan ciyawar roba ce. Takalmi mai ƙusoshin ƙarfe ba shi da aiki a kanta, sau da yawa ma an hana shi. Ƙwallo tana gudu fiye da yadda take yi a filin ƙasa, kuma faɗuwa tana sale fata. Ka tanadi takalmin roba da kariyar ƙwabri, don alƙalin wasa ba zai bar ka ka shiga wasan lig babu ita ba.

Mataki na uku: shiga lig na gaske

A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin nan ne zuciyar ƙwallon New York take, ba a manyan filaye ba. Cosmopolitan Soccer League ta kafu tun 1923, Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kafa ta, kuma har yau tana gudana. Kowace al'umma da ta sauka a birnin ta zo ta kafa kulob ɗinta a ciki: Girkawa, 'yan Italiya, 'yan Ireland, 'yan Poland, 'yan Ukraine, 'yan Albaniya. Kada kuma ka raina su don ba a biyansu albashi. New York Greek Americans ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa baki ɗaya, wato U.S. Open Cup, a 1967 da 1968 da 1969, ta sake a 1974. Pancyprian Freedoms ta 'yan Cyprus mazauna Astoria ta ɗauke shi a 1980 da 1982 da 1983. Lansdowne ta 'yan Ireland a Yonkers ta ci kofin ƙasa na waɗanda ba ƙwararru ba a 2017. A irin waɗannan ƙungiyoyi za ka tarar da tsofaffin 'yan wasan jami'a da waɗanda suka taɓa buga wa manyan kulob a ƙasashensu, da rana suna aikin gini ko tuƙi, da dare suna atisaye.

Wannan lig, saɓanin MLS, tana da rukuni-rukuni, ana hawa ana sauka. Tana da ƙungiyoyin ajiya, tana da rukunin waɗanda suka haura 30 da waɗanda suka haura 40, don haka magidanci ma yana da wuri. Kakar tana farawa wajen Satumba, a tsaya idan sanyi ya tsananta, a dawo a ƙarasa kafin bazara. Mafi kyawun lokacin neman gurbi shi ne Agusta, sannan hutun tsakiyar kaka. Akwai kuma wasu ƙananan gasanni, UPSL da NPSL, masu ƙungiyoyi a yankin, da USL League Two da ke gudana daga Mayu zuwa Yuli, wadda ɗaliban jami'a suka fi cikawa lokacin hutu, a ƙungiyoyi irin su Long Island Rough Riders da Manhattan SC.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi abubuwa uku: nawa ne kuɗin kaka, a ina ake atisaye kuma ƙarfe nawa, sannan wace inshora rajistar ta ƙunsa. Na ƙarshen nan ba abin wasa ba ne. A Amurka karaya ɗaya ko tsinkewar jijiyar gwiwa tana iya jefa mutum cikin bashin asibiti na shekaru. Wasan unguwa babu mai ɗaukar maka komai. Lig mai rajista da hukumar jiha takan haɗa da wata 'yar kariya, amma ba ta maye gurbin inshorar lafiyarka.

Mataki na huɗu: takardu

Idan an taɓa yi maka rajista a wani kulob ƙarƙashin hukumar ƙwallon Najeriya, ko ta Ghana, ko ta Nijar, sai an nemo maka takardar sallama ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ITC. Sabon kulob ɗinka ne zai nema ta hannun hukumar ƙwallon Amurka, ita kuma ta tuntuɓi ta ƙasarku. Ba ta fitowa a kwana ɗaya, don haka a fara da wuri. Kada ka ɓoye tsohuwar rajista don gudun jira. Idan abokan hamayya suka gano, ƙungiyarka za a ƙwace wa maki, kai kuma a dakatar da kai. Yaron da bai kai 18 ba dokar FIFA ta fi tsauri a kansa, sai an nuna cewa iyayensa ba don ƙwallo suka yi ƙaura ba.

Bizar ziyara ba ta ba mutum izinin buga ƙwallo a biya shi. Ƙwararren ɗan wasa daga waje da bizar P-1 yake shiga, kuma kulob ne ke nema masa ita bayan an ƙulla yarjejeniya. Saboda haka duk dillalin da ya ce a turo masa kuɗi daga gida zai kai yaro gwaji a Red Bulls ko New York City FC, a yi hattara da shi sosai. Iyaye sun sayar da filaye da gonaki a kan irin wannan alkawari. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske yakan rubuto da kansa, ta adireshinsa na hukuma, kuma ana iya buga wa ofishinsa waya a tabbatar.

Mataki na biyar: idan ɗanka ko 'yarka ce ke wasa

Iyaye, ku shirya jin abin da zai ba ku mamaki. A Amurka iyali ne ke biyan kulob, ba kulob ke biyan yaro ba, kuma ƙungiyoyin yara masu tafiye-tafiye kan ci dubban daloli a shekara. Ina ganin wannan tsari zalunci ne ga 'ya'yan talakawa, waɗanda su ne suka fi yunwar ƙwallon. Amma akwai mafita. South Bronx United, wadda aka kafa a 2009, ta haɗa ƙwallo da darussan bayan makaranta da shirin shiga jami'a, har da taimakon lauyoyi kan takardun zama, kuma 'ya'yan baƙi ne suka cika ta. A Queens akwai Metropolitan Oval a Maspeth, fili mai tarihi tun 1925, da BW Gottschee da aka kafa a 1951, inda Timothy Weah, ɗan George Weah, ya taka leda kafin ya wuce makarantar Red Bulls, daga nan ya tafi Paris Saint-Germain. Yawancin irin waɗannan kulob suna da rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai ba sa tallarsa. Sai ka buɗe baki ka tambaya, babu kunya a ciki.

Makarantun horarwa na Red Bulls da New York City FC ba sa karɓar kuɗi daga yaran da suka zaɓa a manyan ajujuwansu, amma masu farautar 'yan wasa ne ke zaɓowa daga wasannin lig. Tyler Adams, wanda ya zama kyaftin ɗin Amurka a gasar cin kofin duniya ta 2022, ta makarantar Red Bulls ya fito.

Kada kuma a raina ƙwallon sakandare. Makarantar Martin Luther King Jr. a Manhattan ta yi suna wajen lashe gasar makarantun gwamnati na birnin, da yara 'yan Afirka ta Yamma masu yawa. Bouna Coundoul ya fito daga Senegal, ya bi ta wannan makaranta, ya yi jami'a a Albany, ya tsare raga a MLS har da Red Bulls, ya kuma buga wa ƙasarsa. Wannan hanya tana buƙatar maki mai kyau a aji. Sannan yaron da ke hangen jami'a kada ya karɓi albashi ko ya ƙulla yarjejeniya da dillali kafin a bincika dokokin wasannin jami'o'i, don hakan yana iya toshe masa tallafin karatu.

Mataki na shida: zama mai goyon baya

Jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D yana sauke ka a titi na 161, bakin Yankee Stadium. Jirgin PATH yana kai ka Harrison, inda filin Red Bulls yake. Ranar da Red Bulls da New York City FC suka haɗu, wasan hamayyar kogin Hudson ke nan, kuma idan kana son ganga da waƙa ka nemi tikiti a ɓangaren Third Rail, ƙungiyar magoya bayan New York City FC, ko na Empire Supporters Club ta magoya bayan Red Bulls. Wasan Lahadi a Randall's Island kuwa ko sisi ba ka biya.

Mataki na bakwai: ku kafa taku

Girkawa da 'yan Cyprus da 'yan Ireland ba su jira kowa ya ɗauki 'ya'yansu ba. Bronx tana da masu jin Hausa da yawa, 'yan zango daga Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Togo, kuma ƙwallon da ake bugawa bayan sallar idi ta isa shaida cewa akwai 'yan wasa. Abin da ya rage aikin ofis ne. A samu mutum uku ko huɗu masu riƙon amana, ɗaya ma'aji, ɗaya sakatare mai iya cike takardu. A tara 'yan wasa sama da 20, domin masu tuƙin tasi da aikin dare ba kowane mako za su samu zuwa ba, kuma ƙungiyar da ta kasa fito da 'yan wasa ana cin ta tara. A nemi izinin fili daga hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin da wuri, saboda filaye sun yi kaɗan kuma waɗanda suka riga suna da fifiko. A lissafa kuɗin shiga lig, da na alƙalan wasa, da riguna kala biyu, a raba tsakanin 'yan wasa da masu shaguna da gidajen abinci na al'umma da za a sa sunansu a ƙirjin riga. A duba jadawali tun farko a ga inda azumi zai faɗo, a roƙi lig ta sa wasannin watan da dare.

Sabuwar ƙungiya daga ƙaramin rukuni take farawa. Idan ta yi ƙarfi, tana da damar shiga zagayen share fage na U.S. Open Cup, gasar da ake yi tun 1914, kuma a nan ne kaɗai ƙungiyar unguwa ke iya cin karo da ƙwararru a wasan hukuma. Tun da MLS ta fara, sau ɗaya wata ƙungiya daga wajenta ta ɗauki kofin, wato Rochester Rhinos ta arewacin jihar New York a 1999. Share fagen ƙananan kulob a ƙarshen shekara ake buga shi don gasar shekara mai zuwa, kuma ana rufe rajista tun kafin nan, don haka sakatare ya tabbatar lig ɗin da kuka shiga tana ƙarƙashin hukumar ƙwallon Amurka, katin kowane ɗan wasa kuma ya fito kafin Agusta ya ƙare.